Malam Nasidi da Karan Dawarsa

Shekara goma sha tara muka yi muna koyarwa a makaranta ɗaya ni da Malam Nasidi, a Tungar Gawo, wani ƙaramin ƙauye da ke gefen hanyar Talata Mafara zuwa Bakura, kuma da wuya mu wuni ba mu yi musu ba. Ni, Ja'afaru, Larabci da addini nake koyarwa, shi kuma Turanci. Ni ina da baki, shi yana da taurin kai. Hedimasta Mamuda yakan ce da za a zuba mu a turmi ɗaya a kirɓa, da an samu malami guda mai hankali.

Dogo ne siriri, mai dogon wuya, ba ya sauri ba ya nawa. Tafiyarsa iri ɗaya ce ko kasuwa za shi ko jana'iza. Yara suna kiransa Malam Zis a bayan idonsa, saboda kalmar Turancin nan this da ba ta barin bakinsa, shi ma ya sani, don wata rana na ji yana gyara wa wani yaro: in dai za ka yi mini laƙabi, to ka sa harshe tsakanin haƙora ka faɗe shi daidai.

Yana da shekara bakwai ubansu ya rasu. Yayansa Barau, wanda a lokacin gemu bai gama fito masa ba, shi ya riƙe gandu da uwarsu da ƙannensa. Da aka aiko daga wajen hakimi cewa kowace unguwa ta ba da yaro ɗaya a kai shi boko, masu iyaye suka yi ta cusa 'ya'yansu a rumbu. Barau bai ɓoye nasa ba. Ya ɗora shi a jaki da kansa ya kai shi Mafara, kuma kowace Talata in ya je kasuwa sai ya ratse makaranta da ƙullin ƙuliƙuli da ɗan gumba. Da Nasidi ya ci jarrabawar makarantar horon malamai a Sakkwato, ragon layyarsa Barau ya sayar ya saya masa akwati da takalmi. Na sha jin Nasidi yana cewa shi bai san wani uba ba sai Barau. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin ya ginu.

Abin da ya bambanta shi da sauran malaman Turanci da na sani shi ne bai yarda da littafin da gwamnati ta aiko ba. Littafin cike yake da hoton tuffa da jirgin ƙasa da wani farin yaro mai kare. Nasidi ya ce yaron da bai taɓa ganin tuffa ba, in ka sa shi ya ce wannan tuffa ce, ƙarya ka koya masa kafin Turanci. Saboda haka duk ranar da darasi ya zo kan kalmomin nuni da wakilan suna, wato su wannan da wancan, nasa da nata, sai ya kwashi aji ya fita da su bayan makaranta. Akwai wani falalen dutse a can, mai ɗan tudu, da gurbi a tsakiyarsa inda mata suke niƙa a zamanin da. In ka tsaya a kai, rabin gonakin ƙauyen suna gabanka har zuwa tsohuwar kukar maƙabarta.

Ba ya fita sai da karan dawa. Ya ce ba a nuna mutum ko abin mutum da yatsa, ko da da Turanci ne. Yakan sa diddigensa a gurbin nan, ya miƙa wa yaro karan, ya ce, "Abin da karanka yat taɓa, this. Abin da sai ka taka ka iske shi, that. In suna da yawa, these da those. Shi ke nan, ba wani sihiri ciki." Yaro ya nuna wata aduwa can nesa ya ce that. Sai Malam ya ce, "To, tahi ka maishe ta this." Yaron ya sauka daga dutsen yana ƙirga takunsa da Turanci da ƙarfi, har ya je ya dafa itacen da kara ya yi ihu ya ce this. Da jifa ɗaya an koyi nuni an koyi ƙidaya, an kuma gajiyar da masu ƙiriniya.

Daga nan sai a shiga na wane ne. Wancan jaki nasa ne, waɗancan awaki nasu ne, wannan rijiya tamu ce. A nan ne taurin kansa yake fitowa sosai, domin ba ya karɓar jimlar da ba gaskiya ba ce. Wani yaro ya taɓa rubuta cewa wancan doki nasa ne, Turancin ba kuskure ko ɗaya, Malam ya zana masa ƙwai. Yaron ya kawo mini ƙara yana kuka. Na je na ce, "Haba Malam, mu nan wajen nahawun Larabci shekara dubu Zaidu na bugun Amru, ba wanda yat taɓa tambaya ko an yi bugun."

Ya dube ni ya ce, "Shi yas sa har yau ba ku raba su ba. Dokin ga na maigari na."

Ni ma ba na barinsa ya sha ruwa. Nakan ce masa wane irin yare ne wannan da ba ya bambanta kai da ke da ku, kowa you, ko surukinka ne ko akuyarka? Mu muna da nan da can, da can mai nisa wanda sai ka ja murya, su biyu kacal gare su. Yakan ce talaucin yare ba laifin mai koyarwa ba ne, abin da aka ba shi zai raba daidai.

Don kada yara su yi masa wayo wajen ƙidaya, duk shekara bayan an yi girbi yakan taka wuraren da kansa, ya rubuta a wani babban littafi mai baƙin bango: daga gurbin dutse, in ka fuskanci abu kaza, taku kaza zuwa itace kaza, gonar wane. Na sha yi masa dariya a kan littafin nan. Na ce ko mai karɓar haraji bai san gonakin mutane kamarsa ba.

A duk gonakin da ake hange daga dutsen, guda ɗaya ce tak ta mace. Gonar Nagode ce, matar wani bawan Allah Audu, ta gaje ta wajen ubanta. 'Yar ƙarama ce, tana manne da gandun su Barau, da wata ƙatuwar ɗorawa a bakinta wadda Nagode take kaɗar kalwarta ta yi daddawa ta sayar. Tun da ba wata gonar mace da zai yi misali da ita, kowace shekara sai Malam ya miƙa kara wajen ɗorawar nan ya ce, "That farm is hers," wato waccan gona tata ce, yara su amsa. Sannan ya ɗan karkata karan zuwa gandun Barau ya ce, "That farm is ours," waccan tamu ce, yana ɗan murmushi. Duk yaron da ya zauna a ajinsa, ko ya manta komai bai manta waɗannan biyu ba.

Ana nan sai maganar madatsar ruwan Bakolori ta taso. Da fari labari muke ji, wai Turawa sun zo da injina za su tare gulbi, ƙauyukan wajen Maradun za su koma ƙarƙashin ruwa. Muka ce Allah sarki, muka ci gaba da harkarmu, muna ganin gobarar gemun wani ce. Ashe namu gemun ya kamata mu shafa wa ruwa. Aka ce mu da ke ƙasa da madatsar za a daidaita mana gonaki, a ja mana ruwa, mu riƙa noma rani da damina. Kafin a fara, aka turo malaman rubutu su zaga su rubuta sunan kowa da gonarsa.

A shekarar ne Audu ya kwanta ciwo. Da ya ga ba zai iya noma ba, Nagode ta ba Barau aron gonarta na damina ɗaya, kamar yadda maƙwabta suke yi, a kan in an girbe ya ba ta wani abu. Audu bai tashi ba. Ranar da masu rubutu suka iso, Nagode tana cikin takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Su kuwa wanda suka tarar a gona da fartanya shi suke rubutawa. Suka tarar da Barau.

Sai katafila suka zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Mu a nan ba a san iyakar gona da takarda ba. Iyaka ita ce gamba da kakanka ya shuka, ko suri, ko wata aduwa da kowa ya san labarinta. A cikin mako uku aka share duka. Ɗorawa, kaɗanya, gawon da ƙauyen ya ci sunansa, aka tuttuge su aka tara aka sa wuta, ƙasa ta koma shimfiɗe kamar faifai. Abu biyu suka tsira: falalen dutsen nan, da ya gagari injin, da maƙabarta da kukarta, da mutane suka tsaya a gabanta suka ce sai dai a haɗa da su.

Na ga Malam Nasidi ranar da ya fara fita da aji bayan an gama sharar. Ya hau dutse, ya sa diddige a gurbi, ya ɗaga kara. Ya juya gabas ya juya yamma. Babu abin nunawa. Ya sauke karan ya ce wa yara su koma aji. Daga ranar ya koma koyarwa da tsakuwa da marafan kwalba a kan tebur, wannan a kusa, wancan a nesa, murya ba ƙarfi. Na ji tausayinsa har na yi kwana biyu ban tsokane shi ba.

Damina biyu aka hana mu shuka ana aikin, wasu uku. Mutanen da ba su taɓa auna hatsi a kasuwa ba suka koma awo. Abin da ya biyo baya, wato yadda manoma suka tare hanyoyi da abin da ya sami mutane a wata bazara, ba shi nake son faɗa a nan ba. Wanda ya gani ya sani. Daga bisani dai aka fara mayar wa mutane filaye, ana bin sunayen nan da aka rubuta. Barau ya samu nasa, amma babbar hanyar ruwa ta siminti da titin da ke gefenta sun cinye kusan rabin tsohon gandunsu. Abin da ya rage aka haɗa masa da awon gonar Nagode, tun da sunansa ne a kai. Nagode kuwa aka karanta sunaye har ƙarshe ba a kira ta ba.

Wata safiya muna zaune a inuwar ofis sai ga ta, ta rame, ta lulluɓe da wani tsohon zane. Ta durƙusa daga nesa. Aka yi gaisuwa, lahiya lau, ina gajiya, ina gida, ina yara, ya muka ji da haƙuri, har sai da ta ƙare duk abin da ake tambaya. Sannan ta ce, "Malam, takarda nika so ka rubuta mani. An ce mutanen ga ba su jin kuka sai da Turanci."

Nasidi ya ce, "Takardar mi, Inna?"

"Ta gonata. Ɗorawa ta tahi, na haƙura. Amma ƙasar ubana ta, kuma ba ni da wani abin da ni ka ci. Na tai wurin maigari, ya ce in nuna inda take. Malam, ƙaƙa ni ka nuna ta? Ko ni in an kai ni wurin yanzu ban gane ta."

Ba ta ambaci sunan Barau ba, ko sau ɗaya. Ta san gaban wanda take. Ba ta kuma san da littafi mai baƙin bango ba, ni da shi kaɗai muka sani. Ya rubuta mata takardar, ta yi godiya ta tafi.

Da la'asar ya ce in raka shi gidan Barau. Muka same shi a zaure yana gyaran igiya. Barau mutumin kirki ne, kada wani ya ce na ce ba haka ba. Bai taɓa cin na kowa ba, kuma a shekarun nan na wahala ya sayar da jakinsa da shanun nomansa don ciyar da baki goma sha huɗu. Nasidi ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya gaishe shi, sannan ya ce, "Yaya, maganar gonar Nagode ta."

Barau bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ni ban ce ma kowa tawa ta ba. Sun iske ni ciki, sunka rubuta."

"Gaskiya na, Yaya. Amma aro ta."

"Rabin gandun ubanmu na ƙarƙashin siminti. Wa yab biya mu? Ita aka tausai, ni ɗiyana ƙasa za su ci? In gwamnati na son ta ba ta, ta yanka mata cikin nata." Ya ja igiyar ya ɗaure. "Kai dai malamin makaranta na. Tsaya ga allonka."

A hanyar komawa ni na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ni, mai koya wa yara hadisi, na ce masa, "Malam, littahin ga ba wanda yas san da shi. Ka rubuta mata takarda, ka hita hakkinta. In an tambaye ka, ka ce gara ta ci shi." Ya tsaya ya dube ni, irin kallon da ya yi wa yaron nan mai doki. Ya ce, "Gara ba ta ci shi ba, Ja'afaru." Ya ci gaba da tafiyarsa.

Kwana goma sha biyu aka yi kafin jami'in aikin ya zo duba ƙarar. A kwanakin nan Nasidi ya zube kamar wanda ya yi jinya. Matarsa Suwaiba ta gaya wa tawa cewa tuwo yake sa wa hannu ya tsame. Sau biyu ya koma wajen Barau, har ya ce zai riƙa ba shi buhun gero duk kaka a madadin gonar. Barau ya ce shi ba sadaka yake nema wajen yaron da ya goya ba.

Ranar ta zo, da hantsi. Jami'in wani saurayi ne mai tabarau, ba mugu ba, amma ya gaji da ƙararraki. Aka taru a bakin filin kusa da makaranta, maigari da dattawa da 'yan kallo. Jami'in ya ce shi ba ya musun cewa matar nan ta taɓa mallakar gona, amma ba suna, ba itace, ba alama. In akwai wanda zai nuna masa inda take da girmanta, zai yanka mata. Ya dubi dattawa. Kowa ya san gaskiya, kowa ya sa ido a ƙasa. Wasu kunyar Barau suke ji, wasu kuma su ma akwai ɗan abin da ya shigo cikin nasu filin da ba sa so a tona. Kuma ko sun so, a ina za su nuna? Nagode tana can gefe a durƙushe.

Sai ga Malam Nasidi ya fito daga aji, littafi a hammata, kara a hannu, da tafiyar nan tasa. Bai dubi Barau ba. Ya hau dutse ya sa diddige a gurbi, ya buɗe littafin ya nuna wa jami'in shafi bayan shafi, shekara bakwai, rubutu iri ɗaya. Ya fuskanci kukar maƙabarta, ya miƙa kara kan fili fetal inda ba komai, ya karanta abin da ke rubuce: "That farm is hers."

Abin da ya faru ban taɓa tsammani ba. A cikin 'yan kallo akwai samari da 'yan mata da suka bar makaranta tuni, wasu har da gemu, wasu da goyo. Sai kawai na ji sun amsa, a hankali, baki ɗaya, yadda suka saba amsawa a kan dutsen. Ba shiri suka yi ba, baki ne ya riga su. Biyu daga cikin masu amsawar 'ya'yan Barau ne.

Ya sauko ya fara taku yana ƙirgawa, jama'a na biye. Ni ina bayansa daf, ina addu'ar Allah ya sa ƙidayar ta ɓace masa, ina kuma addu'ar kada ta ɓace. A taku ɗari uku da goma sha biyu ya tsaya cak, a tsakiyar filin da aka ba Barau. Ya dafa ƙasa da kan karan ya ce, "Nan ɗorawa take. A tona."

Aka kawo magirbi biyu. Ba a kai zurfin gwiwa ba aka ci karo da saiwa, kauri kamar cinyar mutum, inda katafila ta tsinke ta ta bari. Wata tsohuwa ta ɓantari ɓawon ta sansana ta ce ɗorawa ce, ko makaho ya sani. Nagode ta rarrafo ta dafa saiwar da hannu biyu tana hawaye. Daga nan Nasidi ya taka tsawon gonar, taku tamanin da takwas zuwa inda suri yake a da, ya taka faɗinta, jami'in na biye yana sa a kafa turaku. Da ya gama sai ya juyo, wannan karon da Hausa, ya ce, "Daga nan zuwa can nata na. Daga can zuwa ruwa na yayana na."

Barau ya tako har gabansa. Na zaci mari zai kai masa, da ma marin ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ni nik kai ka boko bisa jakina. Da na sani, da rumbu nis sa ka kamar kowa." Ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Shekara tara Barau bai yi masa magana ba. Kowace Juma'a bayan an sauko, Nasidi sai ya je zauren ya yi sallama ya durƙusa. Barau ya amsa sallamar, don wannan hakkin Musulunci ne, daga nan ya juya kai ya ci gaba da abin da yake yi. Nasidi ya ɗan zauna, ya ce a tashi lafiya, ya fito. Buhun geron da yake aikawa da kaka, kafin magariba an dawo da shi ƙofar gidansa. Na yi faɗa da Barau, na yi faɗa da Nasidi, na ce wannan zarya ta isa, mutum ba ya son ganinka ka ƙyale shi mana. Ya ce ba don a amsa yake zuwa ba.

Nagode ta noma shinkafa a filinta har ta aurar da 'yarta da ita. Nasidi ya koma fita da yara kan dutse, yanzu ana nuna ƙofofin ruwa da filayen shinkafa da motar ma'aikatan madatsar. Yana nuna gonar Nagode kamar da. Amma na lura in karan ya zo saitin gandun Barau sai ya tsallake shi ya wuce gaba. Ba zai iya cewa tamu ce ba, tun da ba ya faɗin abin da bai tabbata ba, kuma zuciyarsa ba za ta bar shi ya ce tasa ce ba. Ban taɓa jin ya ce ya yi nadama ba. Ban kuma taɓa jin ya yi dariya irin ta da ba.

A shekara ta tara ciwon ƙafa ya kwantar da Barau, har ya daina fita masallaci. Wata Laraba da rana tsaka babban ɗansa ya zo makaranta ya ce Baba na kiran Malam. Nasidi ya miƙe har alli ya faɗi daga hannunsa. Ɗan ya ƙara da cewa, "Ya ce ka taho da kara." Ni ba a kira ni ba, amma na bi su, don in ban ji da kunnena ba ba zan yarda ba.

Muka same shi kwance a tabarma, ya tsufa ƙwarai. Nasidi ya durƙusa ya yi gaisuwa. Wannan karon Barau ya amsa duka, har ya tambayi Suwaiba da yara ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu, har da waɗanda aka haifa bayan rigimar. Sannan ya ce, "Ɗiyan ga nawa maza shida na. Ina ganin yadda suka kallon gonag ga tun ban mutu ba. So nika in raba musu da raina. Gobe ka taka muna gonarmu, ka kahwa ma kowa turkenai."

Nasidi ya ce, "Yaya, akwai maigari, akwai dattawa."

"Na ga dattawa ranan nan, ƙasa suka kallo." Ya yi tari, ya gyara kwanciya. "Takunka bai san ɗan'uwa ba, shi nika so. In kai kat taka, ba wanda za shi musu. Ni ma ban taɓa cewa ƙarya kay yi ba. Haushi nij ji."

Washegari da safe na tsaya a kan dutsen ina kallonsa. Ya yanko sabon kara, ya sa diddige a gurbi, 'ya'yan Barau shida na biye da turaku. Mutumin da shekara da shekaru ban taɓa ganin ya yi kuskuren taku ɗaya ba, ranar sau uku ƙidaya tana ɓace masa, yana tsayawa ya goge ido da hannun riga, ya dawo kan dutse ya sake daga farko. Duk bakin nan nawa, ranar ban tsokane shi ba. Na dai riƙe masa littafin.